Ɗigon Sunan Ya Falmata

Duk wanda ya san Garzali a unguwar Gomari ta Maiduguri, a tsaye ya san shi. Ko tuwo aka ajiye masa, yana ci ƙafar hagu na rawa, kafin a zuba masa ruwan sha ya miƙe yana neman hularsa. Shekararsa arba'in da huɗu, mai kula da sito ne a wata makarantar sakandare, aikin da ba ya buƙatar komai sai mutum ya zauna ya jira a zo karɓar alli. To, zaman ne Allah bai ba shi ba. Matarsa Rumaisa'u ta gaji da lissafa abubuwan da ya fara ya watsar. Ya yi kiwon tantabaru wata biyar, ya rabar. Ya haƙa ramin kifi a bayan gida, ya zuba tarwaɗa, kafin su kai tsawon tafin hannu hankalinsa ya koma gyaran rediyo. Ramin yana nan har yau, sauro ne ke morarsa.

Mahaifinsa kuwa, Goni Yunus na unguwar Limanti, ka ce ba jini ɗaya ba. Bakano ne da ya zo gabas karatu yana saurayi, Barno ta riƙe shi, ya auri Babarbariya, Ya Falmata mahaifiyar Garzali, ya zauna a zaure ɗaya kusan shekara hamsin yana rubuta Alƙur'ani da ka. Garzali ya yi shekara tara a gabansa. Ya iya karatu, ya fara riƙe alƙalami, rubutun ma ba laifi, amma bai taɓa cika shafi uku a zama ɗaya ba, daga baya ya sulale ya koma boko gaba ɗaya. Goni bai doke shi ba, bai yi masa baki ba. Rana ɗaya dai ya dubi allonsa ya ce, "Hannunka mai kyau ne, zaman ne babu." Garzali ya girma, ya yi aure, ya haifi uku, maganar nan ba ta daina sukarsa ba.

Injin ya shigo rayuwarsa ne shekara uku da suka wuce, ta hanyar da komai ke shigo masa, wato waya. Ya ga bidiyon wani tsoho yana fitar da tsuntsu daga cikin katako, ya kasa zaune ya kasa tsaye sai da ya samo irin injin a wajen masu kayan gwanjo. Ba wani babba ba ne, mutum ɗaya zai rungume shi. Faranti ne na ƙarfe, da wani siririn zarto kamar tsinken tsintsiya da ke sama da ƙasa ta tsakiyarsa. Sai ka manna takardar zane a kan katako, ka riƙa turawa kana juyawa, zarton yana bin layi. Ranar da ya kunna shi, Rumaisa'u ta leƙo daga kicin ta saurari ƙarar, ta ce, "Oho, yanzu kuma tela aka zama? Allah ya kai mu wata biyu." Tun daga ranar sunan injin ya zama keken katako.

Wata biyu ya wuce, shekara ta wuce, keke bai tafi bayan gida ba. Dalili kuwa, injin ba ya ɗaukar raini. Ka tura katako da gaggawa, zarton ya ce ƙas, ya karye gida biyu. Garzali ya karya ba adadi kafin ya yarda cewa abin nan ba a yi masa tsawa. Bai zama mai natsuwa ba, kada ma wani ya ce ya zama. A gaban keken dai yana iya yin minti arba'in ƙafarsa ba ta motsa ba, abin da ko a masallaci sai ya yi da gaske.

Sannan ya gano ba shi kaɗai abin ya kama ba. Akwai zauren wasaf mai suna Siririn Zarto, da mutanen Jos da Kano da Yola a ciki, kowa ya gama abu ya ɗora hoto, a yaba, a yi tsiya, a roƙi zanen. 'Yan Maiduguri su huɗu ne, suna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata a gindin dogon yaro a gidan Madam Hope, malamar zane 'yar wajen Biu, wadda ta riga kowa farawa, ba ta kuma iya yabon ƙarya ba. Akwai Mikail, mai shagon buga katin biki, shi ke fitar musu da zane a na'ura. Akwai Alhaji Babakura, dillalin shanu, wanda bai taɓa yanka komai ba sai saniya, kowace kuma ƙahonta ya fi jikinta. In an yi magana ya ce ai su ba su san shanu ba.

Abin da Garzali bai taɓa yi ba shi ne kai wa mahaifinsa ko da mariƙin makulli ɗaya. Me zai kai? Agogo mai siffar raƙumi, ga mutumin da ya rubuta Alƙur'ani sau goma sha ɗaya? Kafin ma ya yi ƙarfin halin, idon Goni ya tafi a hankali, likita ya ce ba mai dawowa ba ne. Ya Falmata ta riga ta rasu da shekara shida. Sai kuma ambaliyar damunar 2024 ta shiga gidan Limanti har bakin taga, ta jiƙa takardu, ta farfasa adakar marigayiyar, ta tafi da zannuwa da kwalaben turaren da ke ciki. Murfin kaɗai aka tsinta a bayan rijiya, katakon maɗaci mai duhu, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Yayar Garzali, Muhsinat, ta yi ta fama da tsohon ya koma wajenta Kaduna, ya yi ta ƙi, har jikinsa ya ƙi masa, ya amsa. Aka sa rana, Lahadi ta sama.

Garzali ya je gaida shi, ya tarar da shi a zaure a kan buzu, murfin yana kan cinyarsa yana shafawa da tafin hannu. Tausayi ya kama shi. Mutumin da ya rayu cikin harufa, yau ko ɗaya ba ya iya gani. Maganar ta fito kafin ya auna ta, kamar yadda maganganunsa suka saba.

"Baba, ka ara min murfin nan."

"Ka yi me da shi?"

"In rubuta sunan Ya a jiki. Zan huda harufan su ratsa katakon, yadda yatsa zai bi ya karanta."

Hannun Goni ya tsaya a kan murfin. "Da keken nan naka da ake ba ni labari?"

"Da shi, Baba."

"Garzali, ba ni da wani abu nata sai wannan. In ka ɓata, babu na biyu. In kuma ka ajiye shi rabi da rabi irin ramin kifinka..."

"Wallahi zan gama."

"Kada ka rantse. Ka dai kawo min kafin a tafi da ni."

Ya miƙa masa, amma sai da Garzali ya ɗan ja kafin yatsun suka saki.

Kwana goma sha ɗaya ke nan suka rage masa kafin tafiyar. A ranar ya rubuta a zauren Siririn Zarto, ya faɗi abin da zai yi da wanda zai yi wa. Mikail ya buga sunan a na'ura da harufan Larabci masu kauri, ya turo kafin la'asar. Garzali ya gwada a kan falanki mai arha, ya huda, ya zura zarto, ya bi layi da kyau, yana kaiwa ƙarshen harafin farko sai cikinsa ya faɗo ƙasa, ya bar rami kamar bakin tulu. Na mim ma haka. Ya ɗora hoton da haushi. Madam Hope ta turo murya: "Garzali, ina gadarka? Sau nawa zan faɗa? Duk inda harafi ya zagaye, ka bar masa ɗan siririn katako ya riƙe cikinsa. Ba ka bar ba, dole ya faɗi. Sake."

Ya sake. Sau shida ya yanka sunan a kan falanki, kowanne ya ɗora, kowanne aka tattauna. Wani ɗan Jos ya ce ya rage gudun injin a kwana. Madam Hope ta ce gadar ta yi kauri, yatsan tsoho zai ɗauka harafin ya katse, ya sirance ta. Na shidan ne ta ce, "To, yanzu ka yi aiki." Alhaji Babakura ya turo murya daga tsakiyar kasuwa, ana jin kukan shanu a bayansa: "Ngəla, ngəla! Ya yi kyau! Ka ƙara masa ɗan maraƙi a gefe mana."

Sai dai murfin kansa bai sa masa zarto ba. Kai, kwanakin nan Rumaisa'u ta ga ta kanta! Ya ɗauko murfin, ya goge shi da sanfefa, ya mayar. Ya manna takardar, ya ɓamɓare, wai ta karkace. Ya tashi ya share tsakar gida da ba ta yi datti ba. Ranar Talata ya bar ofis ya tafi kasuwar katako, ya yi ta zagaye cikin rana yana neman maɗaci mai irin duhun nan, ya dawo da guda biyu a hammata. Ta dube su, ta dube shi.

"Waɗannan fa?"

"Ko da wani abu ya faru."

"Makaho za ka yi wa musanye? Baban Habib, ka ji tsoron Allah. Mutumin da kullum katakon nan yana hannunsa? Tsoro kake ji, ka ce tsoro kake ji."

Tsoron yake ji, kuma ya ji haushin da ta faɗa. Ya jefa katakan bayan ƙofa, ya fita ba tare da ya san inda za shi ba, ya kai har bakin titin filin jirgi ya dawo.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu, ya dawo daga masallaci rana tana dukan kwano, batirin sola ya cika. Ya cire babbar riga, ya manna takardar, bai sake duba ta ba don kada ya ɓamɓare. Ya huda ramukan farko. Zarton yana shiga maɗacin sai wani ƙamshi ya taso cikin garin katakon, turaren wutar Ya Falmata, wanda katakon ya sha shekara arba'in, ruwan ambaliya ma bai wanke shi ba. Garzali ya kashe injin, ya zauna, kewar uwarsa ta taso masa sabuwa fil. Ya goge ido da gefen singileti, ya sake kunnawa.

Awa uku ya yi a wurin. Rumaisa'u ta leƙo sau biyu ta koma a kan yatsun ƙafa, ta kora yara maƙwabta. A lanƙwasar lam zarto ya karye, Garzali ya duba, katakon bai ji komai ba. Ya sa sabo, ya ci gaba. Kafin magariba ya ɗaga murfin sama, hasken yamma ya ratso ta cikin harufan ya rubuta sunan a bango. Ya shafa masa mai, ya ɗauki hoto. Zauren ya cika da yabo, har Madam Hope ta rubuta, "Ban ga abin gyara ba." Tunda ya san ta bai taɓa jin ta faɗi haka ba.

Asabar da hantsi ya naɗe murfin a sabon tawul, ya tari keke napep zuwa Limanti. Muhsinat tana cikin gida tana ɗaure kaya, Goni yana zaure a kan buzunsa. Garzali ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗora masa murfin a cinya, ya ce, "Baba, na gama." Kalmar ta yi masa daɗi a baki.

Tsohon ya shafa gefen katakon tukuna, ya kai shi hanci, ya gyaɗa kai. Sannan ya sa manuniyarsa a hannun dama, inda rubutu ke farawa. Ta faɗa cikin harafin farko, ta zagaya, ta hau sama ta sami ɗigon, ta tsaya. Ta gangara ƙasa tana lalube, ba ta sami komai ba sai katako sumul. Ta sake hawa. Ya bi sauran harufan har ƙarshe, ya dawo farko.

"Ƙal... Ƙalmata? Wace ce kuma wannan?"

Garzali ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. A rubutun na'ura, irin na waya da littattafan Islamiyya, ɗigon harafin fa a sama yake. Amma a rubutun allo, na Warshu, wanda Goni ya rayu a cikinsa, ɗigon fa a ƙasa yake, harafi mai ɗigo ɗaya a sama kuwa ƙaf ne. Wanda ya yi wata uku a gaban malam ya san wannan. Mikail ɗan Islamiyya ne, abin da ya sani ya buga. Madam Hope ba ta karanta Larabci, layi take dubawa. Babakura maraƙi yake nema. Mutum ɗaya ne a zauren nan kaf ya kamata ya gani, shi ne kuma ya yanka sunan sau bakwai yana kallon ɗigon a sama, shekara ashirin na karatu a waya sun shafe masa ido.

"Wa ya rubuta maka?" in ji Goni.

"Na'ura, Baba."

"Na'ura." Ya juya kalmar a baki. "Shekara tara kana gabana."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Kunya ta rufe Garzali, ya rasa inda zai sa idonsa duk da tsohon ba ya ganinsa. Ya fara zuba magana, zai toshe ramin da guntun da ya ciro, zai huda wani a ƙasa, yanzun nan zai kai gida, kafin la'asar ya dawo da shi. Ya kai hannu zai ɗauka. Goni ya danne murfin da tafukansa biyu.

"A'a. Ba zai sake fita daga zauren nan ba."

"Baba, awa biyu kawai."

"Gobe da asuba za a tafi da ni. Na san ka. In ka fita da shi cikin wannan kunyar, sai ka ga wani abin gyaran, daga nan ka ga wani, in tafi hannu wofi. Gara in tafi da shi a haka."

Wannan ta fi ta farkon zafi, don gaskiya ce. Garzali ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ya sake kai wa bakin ƙofa. Mahaifinsa zai tafi Kaduna da sunan wata mata da ba a taɓa haifa ba, a kan abu ɗaya tilo da ya rage na matarsa, kuma hannun ɗansa ne ya rubuta.

"In ban fita da shi ba fa? In na kawo abin hudar nan?"

Goni ya ɗan karkata kai. "Yana ɗaukuwa?"

"Mai batir ne."

"To, me kake jira?"

Bai taɓa ganin nisan Gomari irin na ranar ba. Cunkoso ya riƙe su a shataletale, ya sauka ya yi gaba da ƙafa, ya tari wani keken, ya yi ta ce wa direba ya taka har mutumin ya juyo ya tambaye shi ko haihuwa ake yi. Ya faɗa gida ya suri injin hudar, Rumaisa'u tana tambayarsa lafiya, ya ce mata "Ɗigo!" ya fice, ya bar ta da ludayi a hannu. Waya tana ta ƙara a aljihunsa, 'yan zaure suna son jin yadda tsoho ya karɓa. Bai duba ba.

Ya tarar da Goni yadda ya bar shi, sai dai manuniyarsa tana ƙarƙashin harafin farko, ta riga ta zaɓi wuri. Suka ɗora murfin a kan wani guntun itace a ƙasa, tsohon ya sunkuya tare da shi, bai ɗaga yatsan ba.

"Nan. Kada ka matsa kusa da cikin harafin, ka ba shi numfashi. Kuma ɗigonmu kewayayye ne, ba mai kusurwa irin naka ba."

"To, Baba, janye yatsan."

"Sai na ji bakin ƙarfen."

Garzali ya sauke bakin ƙarfen a hankali har ya taɓa gefen farcen mahaifinsa. Yatsan ya matsa kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero, ya tsaya a nan, bai da niyyar ƙara matsawa. Gumi yana ɗiga daga haɓar Garzali a kan katakon. Ya yi bisimilla, ya danna. Ƙarfen ya shiga, gari ya taso ya rufe yatsan tsohon, ya fita ta baya. Garzali ya hure wurin, ya naɗe 'yar sanfefa ya goge bakin ramin.

"Na saman zan toshe shi yanzu, ba wanda zai gane."

"Bar shi. Ni ma na sha yin kuskure in gyara a gefen takarda, ban taɓa yaga shafi ba."

Goni ya ɗauki murfin ya mayar kan cinyarsa. Ya sa babban yatsan hagu ya rufe ramin sama, ya sa manuniyar dama a sabon ɗigon, ya hau harafin, ya bi lam, ya zagaya mim, a hankali, kamar mai bin hanyar gidansu bayan doguwar tafiya.

"Falmata," in ji shi.

Muhsinat da ta fito da ƙullin kaya ta tsaya cak a bakin ƙofa. Su biyun sun girma a gidan nan, sun ji ya ce "ke", sun ji ya ce "uwar yaran nan", bayan rasuwarta sun ji ya ce "marigayiya". Ba ɗayansu da ya taɓa jin sunan nan daga bakinsa. Tsohon ya mayar da yatsansa farko ya sake bi, ya sake faɗa, wannan karon muryar ta karye a tsakiya. Garzali ya kifa goshinsa a gwiwar mahaifinsa ya fashe da kuka, injin hudar yana hannunsa bai ko ajiye ba.